Daminar da Sahabi Ya Riƙe Sungumi

Nasiru, Luba, da ku ƙananan, na san abin da ake gaya muku in kun je yawon salla Bodinga. Ana ce muku ubanku ya bi wasan Nasara har aka kore shi daga gida. Ƙarya ce. Ba wanda ya kore ni. Da ma korar aka yi da ta fi mini sauƙi, don wanda aka kora yana iya tura manya su ba da haƙuri. Kun tashi kun ga Baffanku Sahabi, ƙanena da na goya a bayana, shi ke zaune a zauren gidanmu, shi ke buɗe rumbu, shi ake wa sallama, ni kuwa babban ɗa ina nan Shagari cikin dangin uwarku ina gadin shagon taki. Ba ku taɓa tambayata ba, amma ina ganin tambayar a idonku. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa, ya bar ni in faɗi maganata.

A zamaninmu in an gama kaka, gero ya shiga rumbu, samari sai su watse cin rani. Wani ga-ruwa, wani dako, wani yankan farce. Fadamarmu ƙarama ce, Baba da Sahabi sun ishe ta albasa, don haka ni nake fita. Cin rani doka ɗaya gare shi, kuma ko yaro ya san ta: ka tafi duk inda ka ga dama, amma ruwan shuka ya same ka a gida. Kawu Cika, ƙanen Inna, mutumin Lambara, shi ya ja ni garin masaƙu inda yake nasa cin ranin. Ba zan rubuta sunan garin ba, kun san shi. Aikinsa a filin golf yake, abin da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, ko da yake ni ban ga ko tushen yakuwa ɗaya a lambun ba. Fili ne da ya fi gonakin unguwarmu duka, ba a shuka komai a cikinsa. Akwai ramuka goma sha takwas, kowanne da tuta. Ƙwallon kamar ƙwan zabo take. Kana bugun ta da sanda mai kan ƙarfe har ka jefa ta rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. A kewayen kowane rami akwai faƙo na yashi da aka cuɗa da baƙin mai, ana ce masa burawun. Aikin Kawu Cika shi ne ya cuɗa yashin nan, ya baje shi, ya ja buhu a kai ya kwanta lif. Ni kuma aka sa ni kedi, wato mai ɗaukar jakar sanduna yana bin mai wasa.

A filin nan ake gasar da ta ci rayuwata. Ofin muke ce mata. Tarihinta ba a littafi na gani ba, a bakin tsofaffin kedi na ji shi, gindin mangwaron da muke jiran aiki. Sun ce Turawan masaƙa da na jirgin ƙasa suka fara ta a tsakaninsu, wanda ya ci ya sha giya a kofin azurfa, shi ke nan. Daga baya masu masaƙa suka sa lada mai tsoka, sai ga ƙwararru daga ƙasashen waje, waɗanda wasan shi ne sana'arsu, suna gudo sanyin garinsu suna zuwa. Wai an ce mata Ofin don ƙofarta a buɗe take ga kowa, amma an daɗe ƙwarai kafin mai ɗaukar jaka ya shiga cikin kowa. Wanda ya fasa ƙofar wani Bazazzagi ne, Ɗanjuma Bahago, kedi ne da ya koyi bugu da lanƙwasasshen rodi a bayan ɗakin ajiya. Wani Bature ya tsaya masa aka bar shi ya shiga, ya bar rabin baƙin a baya. Kawu Cika ya ce ranar da Ɗanjuma ya jefa ƙwallo daga nesa a rami na ƙarshe, wani mai kalangu da ya biyo masu tsire ya saki kiɗa da kirari, Turawa suka bi shi da gudu, don wasan ba ya son ko tari. Duk shekara sai an ba da labarin nan, duk shekara sai mun yi dariya kamar ba mu taɓa ji ba. Tun daga Ɗanjuma kowane kedi ya fara ɓoye rodi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, tun da aka kafa Ofin a ƙarshen sanyi ake yin ta, kafin bazara ta yi tsanani. Ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallo in ta sauka sai ta yi ta gudu kamar an kore ta. Kusan duk kedi da masu yashi 'yan cin rani ne, daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. A gama Ofin, mu ɗan ƙara makonni, mu ga gabas ta fara haɗa gira, mu ɗaure kaya. Ba don mu aka tsara haka ba, amma ya zo daidai da mu, har muka ɗauka haka Allah Ya yi ta.

Na iya wasan. Ba yabon kai ba ne, ba ni da sauran abin da zan yi da yabo. Baƙi suna ɗaga ƙwallo sama kamar za ta kai saƙo, ni kuwa ƙasa-ƙasa nake aika ta, ta bi tudu ta bi kwari ta je ta kwanta kusa da tuta. Yashin burawun da tafin ƙafa nake karanta shi. Da safe mai ya daskare, yashi ya yi nauyi. Da azahar rana ta narka shi, ƙwallo ta yi santsi. Kafin in yi aure na bar ɗaukar jaka, an rubuta ni cikin ƙwararru, abin da ake kira furo. Da na yi wa Baba bayanin wasan wata damina muna hutawa gindin gawo, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

"Kai ka bugun ta, kuma kai ka biyat ta?"

Na ce e, Baba.

"To in kana son ta, dommi kaka bugun ta?"

Sahabi ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Amma Baba bai hana ni ba. Malam Modi ba mai yawan magana ba ne, hukuncinsa gajere ne. Ya ce rani nawa ne, in yi abin da na ga dama da shi muddin ba sata ba, damina kuwa ta gandu ce. Na riƙe wannan shekara da shekaru. Ban taɓa bari ɗigon ruwan shuka ya riga ni Bodinga ba.

A gidanmu ranar shuka Baba ke gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Bai taɓa ba wani sungumin nan ba, ko ya ji ƙishi sai dai kowa ya tsaya. Wanda ke gaba ranar shuka shi ne mai gandu, shi ke cewa ga inda za a sa gero ga inda za a sa dawa, shi ke buɗe rumbu, maganarsa ce ta ƙarshe a gida. A shekarar da nake ba ku labari gwiwoyin Baba sun kumbura, salla ma a zaune ya fara yin ta. Ranar da zan tafi cin rani na durƙusa ina masa sallama, Inna na tsaye bakin ƙofa, Sahabi na ɗaure mini kaya, uwarku Hajo tana ɗaki da ƙaramin cikin Nasiru. Baba ya ce:

"Arzika, bana in ruwa ya sauka kai ka riƙon sungumi. Ni na gaji."

Inna ta koma ciki ta ƙaro mini hoce a ƙunshi, ta cusa a jaka ba ta dube ni ba. Sahabi ya ce to Yaya, sai a fara yi mana sassauci tun yanzu, kada a ce mu yi noma da sandar Bature. Na tafi ina jin kaina kamar an naɗa mini rawani.

Da muka isa filin ban gane shi ba. An kwashe yashin burawun duka, an zuba jar ƙasa da taki, an dasa wata ciyawa mai laushi da aka kawo daga kudu, an bi ko'ina da bututun ruwa. An yi sabon shugaban kulob, Kyaftin ake ce wa mai muƙamin, ɗan boko ne da ya daɗe a waje. Shi ya ce yashi da baƙin mai abin kunya ne, baƙi na ɗaukar hoto suna kai wa gida ana dariya. Kawu Cika ya tsaya bakin rami na farko da buhunsa a kafaɗa, ya ce shekarunsa nawa yana cire ciyawa a nan, yau ga shi an wayi gari ana yi mata ban ruwa kamar albasa. Ciyawar kuma ta ƙi kamawa. Rijiyar burtsatse ba ta ishe ta ba, lokacin Ofin ya zo tana nan faci-faci kamar kan mai ƙaiƙayi. Sai aka tara mu aka ce an ɗaga gasa sai ruwa ya sauka fili ya yi kore. Aka ƙara da cewa ɗan ƙasa da ya fi kowa a Ofin ta bana shi zai zama furo na kulob na dindindin, da gida a cikin fili, kuma za a kai shi waje ya ƙaro sani. Shekarar da ta wuce ni na zo na biyu a cikin 'yan ƙasa, kuma wanda ya riga ni ya tsufa, hannunsa ya fara rawa. Kowa a gindin mangwaro ya juyo ya dube ni.

Mun je wurin Kyaftin, Kawu Cika a gaba, ya cire hula ya cire takalmi. Ya yi masa bayani a hankali cewa mu manoma ne, watan da aka sa watan shuka ne. Ba zan yi wa mutumin ƙazafi ba, bai wulaƙanta mu ba, har lemo ya sa aka kawo. Ya saurara, ya yi murmushi, ya tambaya shin ba za mu iya ɗaukar 'yan ƙwadago su yi mana shukar ba, ai zuba iri a rami ne kawai. Ya ce in kuɗin ne matsala a gaya masa. Kawu Cika ya mai da hularsa, ya ce mun gode ranka ya daɗe. Da muka fito ya ce da mugu ne da mun san yadda za mu roƙe shi, amma wannan bai san akwai abin da za a roƙa ba.

Bazara ta yi nisa, 'yan cin rani suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Kawu Cika dama ba yashi ba aiki. Ranar da ya ɗaure tabarmarsa ya same ni ina gwada bugu a kan sabuwar ciyawa. Ya ce in taho mu tafi. Na ce masa ya yi gaba, ina nan tafe. Na kawo masa dabarata: ruwa yana sauka a garin masaƙu da wuri, kafin ya hau zuwa ƙasar Sakkwato sai ya ɗauki makonni, kowa ya san haka. Za a gama Ofin Bodinga ba ta ga ko yayyafi ba. In ci gasa, in hau mota, in riƙe sungumi, na jefi tsuntsu biyu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai da wa kunka yi wanga alkawali? Da hadari?"

Na ce Kawu, dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

"Ubanka ma ba shi hwaɗin magana sau biyu."

Ya ɗauki kayansa ya tafi.

Ana sauran 'yan kwanaki a fara, wani direban motar albasa ɗan Danchadi ya zo har bakin ƙofar kulob yana nemana. Masu gadi ba su bar shi ya shiga ba, ni na fita. Muka gaisa, ya ce Malam Modi ya tsare shi a bakin hanya ya ce ya gaya mini ruwa ya sauka. Na ce sai me kuma. Ya ce shi ke nan saƙon. Na ce bai ce in zo ba, bai ce komai ba? Ya ce wallahi iyakar abin da ya faɗa ke nan, ruwa ya sauka. Ya ƙara da cewa ruwa ne mai kyau, ya jiƙa ƙasa har ya wuce tsawon hannu, shekara ta yi sammako, tsofaffi ma sun yi mamaki.

Ku da kuka tashi a bakin titi ba ku san shuka ba ta jira ba. Laima kwana kaɗan take yi a jigawarmu, in ta tafi sai wani ruwan, wani ruwan kuma Allah kaɗai Ya san ranarsa. In na hau mota a ranar, washegari ina gona. Na ɗauki jakata na je tasha. Motar Sakkwato na lodi, ɗan kamasho ya kama mini jaka, na ce ya dakata. Na zauna a benci ina kallo har ta cika, har ta tashi. Wata ta ja layi, ita ma ta cika. A raina ina cewa Sahabi na nan, Baba zai gane, in na dawo da gida da muƙami wa zai tuna da shuka ɗaya. La'asar ta yi na koma fili. In kuna jira in ce shaiɗan ne, ba shi ba ne. Ina son abin nan, na yi shekaru ina binsa a rana, kuma an ɗora mini shi a kan hanci.

Wasan da na yi ba shi da daɗin faɗi. An sha ruwa kafin a fara, fili ya jiƙe sharkaf. Bugun nan nawa na ƙasa-ƙasa da ke gudu a kan faƙo, yanzu in ƙwallo ta sauka sai ta dafe a wurin kamar an jefa curin tuwo. Baƙi da 'yan kudu da suka saba da ciyawa suna ɗaga tasu sama ta faɗo gindin tuta ta tsaya. A kewayen rami kuwa na zama makaho. An hana taka ciyawar ba takalmi, kuma ko an bar ni ban san yarenta ba, tana da wajen da take kwantawa, tana jan ƙwallo inda ido bai nuna ba. In buga a hankali ta tsaya rabin hanya, in ƙara ƙarfi ta wuce rami ta gangara. Tsofaffin kedi da za su faɗa mini wata magana in ji sanyi duk suna gona. Wanda ya ɗaukar mini jaka ɗan makaranta ne da ke hutu, yana ta duba agogo. Ofin kwana huɗu ce, amma bayan na biyu ana zubar da na baya. Aka zubar da ni tare da waɗanda nake koya wa riƙon sanda. Wani saurayi daga kudu ya samu gidan da tafiyar. Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, akwai baɗi.

Abin da ya faru a gida daga bakin uwarku na ji shi, daga baya. Ta ce da ruwa ya sauka Baba ya fito da sungumi ya jingine shi a bakin zaure, ya zauna kusa da shi yana fuskantar hanya. Duk unguwa ta fita shuka. Masu wucewa suna cewa Malam Modi, ku ba ku fita ba? Yana cewa ƙasa ta cika ruwa, a bari ta tsane. Washegari ma haka. Inna ta fita har zaure, abin da ba ta yi, ta ce masa laima na tafiya, yara za su ci me. A rana ta uku da sassafe ya ɗauki sungumin da kansa, suka tafi da Sahabi da matan gida. Ya yi sara kaɗan gwiwa ta ƙi, ya durƙushe a kan kunyar gona. Sahabi ya zo zai ɗaga shi, ya ƙi ba shi hannu, ya miƙa masa sungumin. Hajo ta ce Sahabi ya tsaya riƙe da shi yana waige, har Baba ya daka masa tsawa ya ce rana na yi.

Ban iya komawa nan da nan ba, kunya ta riƙe ni. Sai da gero ya kai gwiwa, an gama noman firi, sannan na hau mota. Ban sauka Bodinga ba, na wuce Lambara na ɗauko Kawu Cika ya raka ni ya ba da baki. A hanya na shirya wa zagi, na shirya wa sanda, har na shirya wa a ce in fita. Duk na tanadi abin da zan faɗa.

Muka yi sallama. Baba ya amsa da fara'a, ya ce maraba, maraba, lale. Ya kira yaro ya ce a ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake shimfiɗa wa malamai in sun zo daga Sifawa. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni mutanen bariki, ya tambayi ruwa can wajenmu. Wajenmu, haka ya ce. Na fara cewa Baba, na zo ne, sai ya ce a bari a huta tukuna, tafiya da nisa. Jim kaɗan na ji kukan kaza a cikin gida. Kawu Cika ya ji shi ma. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya yi mini raɗa cewa da zagi aka yi da ya san inda zai kama, wannan kuwa ba ta da marfi balle ya buɗe. Tun ina yaro ni da Baba da Sahabi akushi ɗaya muke sa hannu. Ran nan aka kawo mini tuwo a kwanon faɗi-ka-mutu na Inna, da kazar nan a kai, aka ajiye mana ni da Kawu a zaure. Baba ya ce mu ci a sake, ya dogara sanda ya shiga ciki. Ina jin muryarsa da ta Sahabi ta katanga suna maganar maimai da inda za a sa wake.

Da safe na riga kowa tashi. Na ɗauki kalme, fartanyar nomanmu, a inda muke ratayewa, na tsaya bakin ƙofa. Sahabi ya fito ya gan ni, ya ce Yaya an kwan lafiya, ya rasa inda zai sa idonsa. Baba ya fito a bayansa. Ya dubi kalmen, ya dube ni, murya a kwance ya ce:

"Aje, Arzika. Gidanga ba a sa baƙo noma."

Na ce Baba, ni ne fa.

"Na gane ka. Yaushe za ka komawa, a yi ma guzuri?"

Na zauna har aka haifi Nasiru aka yi suna. Hajo ta tafi wankan jego gidansu a Shagari, ba ta sake komawa ɗakinta na Bodinga ba, don mace ba ta zama a gidan da mijinta yake baƙo. Ni na koma garin masaƙu, tunda can ne aka ce wajenmu.

Baɗin da Kyaftin ya yi mini alkawari ta zo, an mai da Ofin lokacinta na da, na koyi ciyawa daidai gwargwado, amma hannun ya riga ya mutu. In na tsaya kan ƙwallo sai in ji kamar ana kallona daga bakin wani zaure. Ita ma Ofin ba ta yi tsawon rai ba. Masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu sa lada suka janye, baƙi suka daina zuwa. Aka yi wa Kyaftin canjin wurin aiki, ya tafi ya bar ciyawarsa. Injin rijiya ya lalace ba mai gyarawa, ciyawa ta ƙone. Da aka ce a koma yashi sai aka tarar ba sauran wanda ya iya cuɗa shi, Kawu Cika ya rasu, sauran sun kama wasu hanyoyi. Aka yi gasar wata shekara aka tsallake wata, har aka bar zancenta. Ba wanda ya tara mu ya ce ta mutu. Rabona da filin na ga shanu na kiwo a rami na tara, an kuma yanka gefe guda an yi filaye. Kofin azurfar ban san hannun wanda yake ba. Abin da na ba da gidanmu saboda shi ke nan.

Kada ku ce ban nema ba. Duk shekarun nan ban sake bari ruwa ya riga ni ba. Tun gabas ba ta fara duhu ba nake isa Bodinga in zauna jira. Na tura liman, na tura mai unguwa, Inna ta yi kuka har ta gaji. Duk wanda ya je sai Baba ya ce masa shi ba ya fushi da kowa, me Arzika ya yi masa, yana zuwa yana gaishe shi, yana kawo masa sabulu da goro, Allah Ya yi masa albarka. Kuma gaskiya ne yana sa mini albarka. Kowace shekara sabuwar tabarma, kowace shekara kaza. Na ci kajin gidanmu har na tsani nama. Ranar shuka in bi su gona in tsaya gindin gawo, Sahabi na gaba, 'ya'yansa na biye, ba mai ce mini tafi, ba mai miƙo mini ƙoƙon iri.

Baba ya rasu da asuba wata ranar Talata, ina nan Shagari a bakin shagon nan. Kafin saƙo ya iso ni, kafin in sami mota, an kai shi. Na tarar da ƙofar gida cike da mutane, an shimfiɗa tabarmi. Sahabi na zaune a tsakiya inda mai karɓar gaisuwa ke zama, jama'a sun yi layi suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Ban san ta inda zan ratsa ba, sai na tsinci kaina a cikin layin. Da aka zo kaina na durƙusa, na miƙa hannu. Sahabi ya gaji, idonsa ya kumbura, tun safe yake maimaita magana ɗaya. Ya kama hannuna bai ɗago ba, ya ce:

"Mun gode, mun gode. Allah Shi ba da lada."

Sannan ya ɗago ya ga ni ne. Na ga fuskarsa ta canza, ya buɗe baki zai gyara. Ya dubi damansa, liman ne. Ya dubi hagunsa, babban ɗansa ne. Tabarmar ta cika. Na bayana ya taɓa mini kafaɗa a hankali, ya ce malam, a ɗan matsa, akwai mutane.

Na matsa.